Filas Marar Takarda

Malamin lissafi mutum ne mai tsari. A gidansa kowace waya da kowane faifai na kwamfuta yana da takardar suna manne a jiki, kuma iyali sun haddace dokarsa kamar karatun allo: duk abin da ba shi da takarda, fanko ne.

A ƙarƙashin teburin falo yake ajiye tsohuwar kwamfutar da ba a kashewa, rumbun hotunan gida. A cikinta ne muryar mahaifiyarsa, marigayiya Inna, take, hirar awa biyu da ya ɗauka wata guda kafin rasuwarta.

Ranar Asabar da hantsi aka ɗauke wuta. Da ta dawo, kwamfutar ta ce ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Malam ya jawo ta daga ƙarƙashin teburin. Ya shimfiɗa jarida, ya kwance murfi, ya jera kusoshi a faranti. Ya canza waya, ya hure ƙura, ya kara kunne a kan kowane faifai kamar likita a ƙirjin majinyaci. Duk suna juyawa lafiya. Ya tuhumi zafi, ya tuhumi wuta, ya tuhumi tsintsiyar matarsa, wadda ta ce shekara takwas tana shara a wurin ba ta taɓa kashe kowa ba.

Sai bayan azahar ya tuna cewa ba daga manyan faifan take tashi ba. Daga wani ɗan filas ne, ƙaramin ma'ajin bayanai, da ya soka mata a baya tun ranar farko, wanda take karantawa sau ɗaya in an kunna ta, sannan ta manta da shi. Ya laluba. Rami kawai.

"Maman yara, wa ya taɓa bayan na'urar nan?"

"Ni ce. Ranar Talata ka ce in nemo maka filas fanko, za ka saka wa Yaya muryar Inna. Na duba, ba takarda."

Malam ya zauna a ƙasa, sukudireba a hannu. Shi da kansa ya karɓi filas ɗin, ya goge abin da ke cikinsa tas, ya zuba hirar, har ya manna masa takarda da kyakkyawan rubutu.

Ya kira yayarsa. Ta ce tana nan tana saurare, yau kwana huɗu ke nan, kuma in filas ɗin yake so, sai dai ya haƙura. Ta kara wayar kusa da rediyonta, inda ta soka filas ɗin. Muryar Inna ta fito tana dariya, tana cewa autanta tun yana ƙarami yakan ɓoye abu har ya ɓoye wa kansa.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya tambayi matarsa ko akwai wani filas a gidan.

"Mai takarda ko marar takarda, Malam?"