Ƙibar Ni'ima

A daminar 2021, lokacin da manoman ƙasar Sabon Birni suka daina zuwa gonakin nesa don tsoron 'yan bindiga, akwai yarinya guda a wani ƙauye kusa da Gangara wadda ba ta rame ba. Sunanta Ni'imatullahi, ana ce mata Ni'ima. Shekarunta shida, amma jikinta ya kai na 'yar shekara goma sha biyu. Sauran yaran gari haƙarƙarinsu a waje, ita kuwa wuyanta har ninki yake yi, cinyoyinta suna gugar juna idan tana tafiya. Duk da haka babu wanda ya kai ta kukan yunwa. Ta gama cin tuwo, ta suɗe kwano, ta dubi na kusa da ita.

Kakarta Binta ta san wannan yunwar, domin ta taɓa ganinta. A farin 1973 zuwa 1974 tana da ƙane mai suna Jabir, wanda aka haifa da cikin da ba ya jin ƙoshi. Da hatsi ya ƙare aka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin dafinsu ya fita, Jabir ya kasa jira. Ya ci su ɗanye, aka binne shi. Shekaru da yawa bayan haka Binta ta haɗa ɗanta Almu da Sa'adiyya, 'yar wani ƙanen nata, don zumunci ya ƙara ƙarfi. Su suka haifi Ni'ima.

Kafin hanya ta lalace, Binta ta kai yarinyar asibiti a Sabon Birni. Malamin asibitin, wani mai suna Musbahu, ya auna ta, ya yi tambayoyi har ya kai ga Jabir.

"Inna, wanga abu gado na," in ji shi. "Akwai abin da jiki ka aika ma ƙwaƙwalwa ya ce an ƙoshi. Wasu yara ana haihuwarsu babu shi, musamman in uwa da uba jini guda ne."

"To, mi ne ne maganin?"

"Sai an gwada jini an tabbatar, kuma ba a nan ba. Binciken ma galibi a kan ɗiyan Turawa anka yi shi. Mu nan Gobirawa, Fulani da Buzaye, kowa da irin gadonsa, ba a ko duba mu sosai ba."

Binta ta ce, "Ashe har ƙiba sai da Bature." Musbahu ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Da yunwa ta tsananta, Binta ta shiga azumin nafila ba ƙaƙƙautawa, tana tura wa Ni'ima rabonta. Sa'adiyya ma takan ce cikinta na ciwo. Ba su faɗa wa kowa ba, har Almu, domin a gidan da ya san mutuncinsa ba a tallan abin da ke cikin kwano.

Sai aka kai hari a gonakin bakin gari, aka kashe mutum uku, ciki har da wan Abbas. Shi Abbas kuwa shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen. Maharan sun zo daidai lokacin da masu gadi suka tafi sallar Juma'a, saboda haka kowa ya yarda akwai infoma a gari, mai kai musu labari su biya shi da hatsi. Ba a daɗe ana neman gidan da ake ƙoshi ba. Mata a bakin rijiya suka fara cewa, "Ɗiyar Almu dai ba ta san an yi fari ba."

Da hantsi 'yan sa-kai suka shigo gidan. Suka leƙa rumbu, suka haƙa ƙarƙashin gado, ba su sami komai ba sai ɗan dawa a tukunya. Binta ta fito ta tsaya gaban Abbas, wanda ta sani tun yana goye.

"Gwaggo, ba da ke muke ba," in ji shi. "Amma ki gaya mani, iska ta ka ci?"

"Gado na, Abbas. Likita ya faɗi. Tambayi tsofaffi labarin ƙanena Jabir."

"Tsofaffin da sunka san Jabir suna kushewa. Likita kuwa yana Sabon Birni, wa za shi bi hanyar ga ya ɗauko shi?"

Liman ne ya kawo shawarar da kowa ya ga adalcinta. A kai yarinyar gidansa, ta ci daidai abin da 'ya'yansa ke ci, har wata ya kama. Idan ƙibar halitta ce, za ta zauna. Idan ta zube, to akwai abincin da ake ba ta a ɓoye. Almu ya amsa da sauri, domin ya san bai ɓoye komai ba. Binta ta ga ramin da ke cikin shawarar, amma ta ji nauyin ta faɗi a gaban maza cewa ɗanta bai iya ciyar da gidansa ba. Ta ce a ranta jikin yarinyar zai riƙe.

Gidan liman yana bayan katangarsu. Kullum Binta tana jin kukan Ni'ima ta kan katanga, da farko da ƙarfi, daga baya kamar na ɗan akuya. Tuwon da ta saba turawa yana gabanta, ta kasa haɗiye shi.

Ranar da wata ya kama aka fito da yarinyar dandali. Fatar hannunta ta saki, ninkin wuyan ya ragu. Ba ta rame kamar sauran yara ba, amma kowa ya ga bambanci.

Binta ta ratsa maza, ta yaye mayafinta, ta ɗaga hannuwanta da suka koma kamar kara.

"Ga rumbun da kuke nema. Rabona ta ka ci, da na uwarta. Azumin da kunka ga ina yi, na ƙarya ne."

Almu ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Abbas ya daɗe yana kallon hannuwan, sannan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna nasa.

"Gwaggo, kowa haka hannunsa yake. Kuma da gaskiya ce, mi ya hana ki faɗi tun ranar farko?"

Aka ɗaure Almu, aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. An ce garin Isa za a kai shi a bincike shi, amma babur ɗin bai bi hanyar Isa ba, kuma kafin la'asar ya dawo da mutum biyu.

Da magariba Sa'adiyya ta tuƙa ɗan abin da ya rage, ta shiga ɗaki ta rufe. Binta ta zauna a tabarma da jikarta. Ni'ima ta cinye nata, ta suɗe kwano har ya yi ƙyalli, ta ɗago kai.

"Kaka, akwai saura?"

Binta ta tura mata nata kwanon.