Fumfuna a Injin Wankin Malama

"Kar ki haɗa su! Auta, ajiye kwalbar nan!"

Maman 'Yan Biyu ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa kicin ɗin. Warin bilic ne ya jawo ta tun daga ɗakinta, wanda bango ɗaya ya raba shi da na Malama a hawa na biyu. Ta tarar da Auta, ƙaramar 'yar Malama, durƙushe a gaban injin wanki, bilic a hannu ɗaya, ruwan khal a ɗayan, tana shirin juye su cikin bokiti guda.

"Waɗannan in suka haɗu, tiririnsu sai ya shaƙe ki. So kike a ba ki gado kusa da na uwarki?"

Ta karɓe kwalbar khal ɗin, ta tura taga ta buɗe. Auta ba ta yi musu ba. Da kayan da ta kwana da su a asibiti take, idanunta sun yi jawur.

"Anti, zo ki gani."

Ta sa yatsa ta janye robar da ta zagaye bakin injin. A cikin ninkin robar, inda ido ba ya kaiwa, fumfuna ce baƙa ƙirin ta yi layi, ga ruwa mai yauƙi kwance a ƙasa, da wani maɓalli da ya daɗe da ɓacewa. Wari ya taso kamar na tsumman da aka manta a jiƙe.

"Likita ya tambaye ni da safen nan ko akwai danshi ko fumfuna a gida. Na ce masa gidan Mama? Ai ko ƙura ba ta kwana. Da na dawo ɗaukar mata kaya na duba banɗaki, na duba bayan kabad, ba komai. Sai nan." Ta nuna robar. "Ni na sayo mata injin nan, Anti. Ta ce hannunta ya ishe ta, na nace. Duk rigar da take sawa, duk zanen gadon da take shaƙa, ta nan suke bi."

Maman 'Yan Biyu ta dubi ƙofar injin. Malama tsohuwar malamar firamare ce. Ita ta zaunar da 'yan biyun a kan tabarma har suka iya haɗa baƙi, kuma in suka kaure da faɗa, bango kawai take ƙwanƙwasawa su yi tsit. Ba ta iya ganin ƙofa a buɗe ba ta rufe ba, ko ta kabad ko ta firji. Da wanki ya ƙare sai ta danne ƙofar injin gam, ruwan ciki bai bushe ba. Tarin da ya kai ta asibiti kuwa ya daɗe yana bin ta. Maman 'Yan Biyu takan jiyo shi ta bango, har ta saba da shi. Shirun da ya biyo baya ne ya hana ta sakewa.

"Likitan cewa ya yi wannan ne ya jawo?"

"A'a. Tambaya ya yi."

"To tambaya ce, Auta. Nawa injin ma in kika janye robarsa, sai kin toshe hanci. Matsa in kama miki."

Ta san yarinyar ba za ta tashi ba sai abin ya fita. Ta sirka bilic ɗin da ruwa, ta tsoma tsumma, ta cusa shi cikin ninkin robar don ya jiƙa wurin. Auta ta ɗauko tsohon buroshin haƙori tana dirza. Baƙin ruwa ya riƙa gangarowa kan tayil.

"In aka sallame ta," in ji Auta, ba ta ɗago ba, "zan riƙa goge shi duk bayan wanki. Ƙofar kuma a buɗe za ta riƙa kwana, ko Mama za ta yi ta faɗa."

"Faɗa kam za ki sha."

Auta ta ɗan yi dariya ta hanci. A daidai nan wayar Maman 'Yan Biyu ta yi ƙara. Yayan Auta ne, wanda aka bari a gefen gadon Malama. Ga wayar ƙanwarsa can a kan injin, me ya sa ita ya kira? Ta goge hannu a zani, ta fita baranda.

"Anti, kina kusa da Auta?"

"Muna tare. Ya mai jikin?"

Ta ji ƙarar takalma da ta keken marasa lafiya a bayansa.

"Ki taho da ita. Kar ki bari ta ja mota."

"Ɗan nan, gaya mini."

"Ki taho da ita dai, Anti."

Ta dafa ƙarfen barandar. A ƙasa mai gyaran takalmi yana buga ƙusa, wata mata tana shanya. Ta koma kicin ɗin.

"Waye?"

"Yayanki. Ya ce mu je."

"Yanzu? Saura kaɗan, Anti. Dubi nan, ya ƙi fita." Ta ƙara danna buroshin a kan wani tabo da ya riga ya ci robar.

"Wannan ba zai fita yau ba. Tashi ki wanke hannu."

Auta ta ɗago ta dube ta. Maman 'Yan Biyu ta kawar da kai, ta shiga rufe kwalbar bilic ɗin da ta riga ta rufe.

"Farkawa ta yi? Ni take nema?"

"Bai ce ba."

Auta ta wanke hannu a hankali, ta shige ɗakin uwarta. Maman 'Yan Biyu ta jiyo ta jona dutsen guga. Ta buɗe baki za ta ce babu lokaci, sai ta fasa. Malama ba ta taɓa sa rigar da ba a goge ba. Maman 'Yan Biyu ta tsaya a bakin ƙofa har Auta ta goge doguwar riga shuɗiya da ɗankwalinta, ta ninke, ta sa a jaka.

Suka tari tasi. Auta ta riƙe hannunta, yatsunta sun yi yamushi saboda ruwa.

Yayan yana tsaye a ƙofar ɗakin marasa lafiya, hularsa a hannu. Ta bayansa ana hango gadon Malama, an ja labule an zagaye shi, an kashe na'urar numfashin da ke gefe. Auta ta tsaya cak.

"Yaya?"

Ya girgiza kai. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko wahala ba ta sha ba, Auta. Barci take, ta wuce."

Auta ta miƙa wa Maman 'Yan Biyu jakar ba tare da ta dube ta ba, ta bi yayanta bayan labulen.

Maman 'Yan Biyu ta nemi benci ta zauna. Wata ma'aikaciya ta zo da abin goge ƙasa, ta ɗaga mata ƙafa ta wuce. Jakar tana kan cinyarta, ɗumin guga bai gama barin rigar ba.