Mai Sunan Baffa

Kulu ta tuɓe silifas ɗinta a bakin ofishin lauya, bayan kasuwar Gaya, kamar mai shiga zauren malami. Ɗanta na fari, wanda ya ɗauko ta daga Kademi, ya zauna waje a kan mashin, wai cikin ofishin da zafi.

Lauya Suhaib ne ya aika a kira ta. Shi ke riƙe da ɗaukaka ƙarar Malam Bala, ƙanin mahaifinta, wanda kotu ta yanke wa hukuncin rataya kan kisan ɗan'uwansa Da'u. Rigimar iyakar gonar gado ce, ta yi tsamari har 'yan gida ɗaya suka daina gaisawa a masallaci. Ranar da abin ya faru dawa ta rufe mutum, ba wanda ya ga komai sai Kulu da ta kai abinci gona. Maƙwabta dai sun ji ihunta: "Baffa, ka kashe shi!" Da suka iso, Malam Bala suka tarar rungume da gawa.

A kotu aka tambaye ta ko ta faɗi haka, ta ce ta faɗa. Aka nuna tsohon, aka ce wannan baffanki ne? Ta ce baffanta ne. Ƙarya ko ɗaya ba ta yi ba, amma tun ranar abinci bai ƙara yi mata daɗi ba.

"Ranka ya daɗe, an ce ka je wurin Baffa," ta ce bayan gaisuwa. "Sun rame ko? Suna samun cin abinci?"

Lauya ya ajiye bironsa.

"Kin ga abin da ya sa na kira ki, Inna Kulu. Sun rame, suna samu. Haka kike maganarsa ko ba ya nan. An ce a gidanku ko kusa ba a ce wa babba 'ka'. To, takardun shari'a da Turanci aka rubuta su, a can kuwa 'ka' da 'kun' duk ɗaya ne, shi ya sa ba wanda ya lura. Amma maƙwabtan nan na zauna da su da kaina. 'Ka kashe shi' suka ji. Wa kuma kike kira Baffa?"

Kulu ta kalli ƙasa. Duk Kademi an san amsar, ba a dai taɓa haɗa ta da wannan ba. Ɗanta na waje sunan tsohon ya ci. Ga kunyar ɗan fari, ga nauyin mai suna, don haka tun ranar suna bakinta bai taɓa furta Bala ba, Baffa take ce masa. Ɗan nata ne ya iske Da'u yana tuge gambar iyaka, ya ɗaga fartanya don kare gonar takwaransa, sannan ya faɗa cikin dawa.

"Na kai wa Malam maganar a gidan yari," in ji lauya. "Ya ce in na sa ta a takarda, ya sallame ni. Wai shi ya ci zamaninsa, takwaransa kuwa 'ya'yansa ƙanana ne. Gaskiya ba zan ɓoye miki ba, in babu wannan, ƙarar ba ta da ƙafa. Da ita ma sai na roƙi kotu kafin ta karɓi sabuwar shaida. Ba zan tilasta miki ba."

Ashe tsohon ya sani. Tun daga gona ya sani, domin ya fi kowa sanin bakinta. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya sayar da ɗan bijiminsa ya yi mata kayan ɗaki. Tana tsaye a kotu tana amsa "baffana ne", yana kallonta, bai ce uffan ba. Kunya ta rufe ta, irin wadda ta fi zagi ciwo.

"Sun ba da wani saƙo?"

"Ya ce a gaishe ki. Ya ce kada ku yi jinkirin shuka bana."

Kulu ta miƙe ta fita, ta manta silifas ɗinta a bakin ƙofa. Ɗanta na ganinta ya tada mashin.

"Inna, mu tafi?"

Ta daɗe tana kallonsa. Ya yi ƙiba a shekarun nan, har ya fara ajiye gemu irin na tsohon.

"Bala," ta ce.

Ya waiga baya, yana neman wanda take kira.

"Da kai nake. Kashe mashin ɗin, ka shigo."