Busar Kifi a Tudun Coci

A ƙauyen su Ma Verlyn, can gaɓar tsibirin Dominika, in aka busa katantanwar teku to kifi ya iso, kowa kwano yake raruma. Shekara talatin ita ke busa ta, kuma ba ta taɓa busawa a banza ba.

Ran nan da hantsi tana wanke teburin kifinta sai wayarta ta ɗau kuka. Manhajar gargaɗi ce: an tafka ruwa a kan duwatsu, kogi na tafe, kowa ya bar bakin ruwa cikin minti arba'in. A ƙauyen kuwa rana ce tarwai, ko ɗigo babu.

Ta tura saƙon a zauren hirar unguwa na waya. Cuthbert mai shago ya amsa cewa sun gaji da wayar nan, wancan watan ma haka ta sa suka bar tukunya a wuta, ba abin da ya zo. Hankalinta ya tashi, don gida ashirin ne a bakin kogi, na ƙarshe kuma na yayarta Ma Ophelia, wadda wayarta ke kwance cikin gwangwanin biskit tun Kirsimeti. Da ciwon gwiwar da ke damunta, Ma Verlyn ba za ta iya bi gida-gida ba.

Sai ta ɗauki katantanwar, ta lallaɓa ta hau tudun coci, ta cika baki ta busa sau uku.

Mutanenmu ke nan. Ka ce musu halaka na tafe, sai sun gama shanya. Ka ce kifi, har mai sanda sai ya riga ka. Suka yi ta haurowa da kwanuka suna mita, wai wane irin kifi ne ya koma hawan tudu. Ma Ophelia ce ta ƙarshe, tana haki.

"To, ina kifin?"

"Babu, Yaya. Zauna ki huta."

"Tsufan ya fara taɓa miki kai ne? Ni za ki wahalar?"

Cuthbert ya rantse ya daina amsa busarta, wasu har sun juya za su sauka. Ma Verlyn ta tsaya a bakin hanya ta ware hannuwa, kunya kamar ta nutse, amma ta ƙi matsawa.

Ana cikin haka suka ji rugugi. Kogin ya fito jawur, ɗauke da itatuwa da duwatsu, ya kwashe gada, ya shige gidan Ma Ophelia ta ƙofar baya. Ma Verlyn ta bi mutane da ido tana kiran sunaye gida-gida. Ba wanda ya ɓace. Alfahari ya cika mata ciki.

Ma Ophelia ta daɗe tana kallon inda ɗakin girkinta yake ɗazu. Can ta kamo hannun Ma Verlyn ta ɗaga sama, ta dubi mutanen da suka san su tun suna yara.

"Ku gan ta nan," in ji ta. "Ƙanwata ce."