Katin Makoki Zuwa Sendai

Shigeo ya rasu a watan Yuni, don haka da Nuwamba ta kama sai matarsa Fumie ta yi abin da kowa ke yi, ta sa aka buga mata katin makoki. Gidan da aka yi rashi ba ya aika katin barka da sabuwar shekara, ba a kuma aiko masa. Sai dai ka riga mutane da wannan kati mai ruwan toka, ka sanar da su, ka ba su haƙuri. Ba a ƙara ko kalma ɗaya da hannu a jikinsa.

Sittin da uku ta rubuta wa adireshi ba ta ji komai ba. Na ƙarshen ne ya yi kwana biyar a kan tebur.

Na Chizuru ne, matar ɗanta Noboru, wanda ciwo ya ɗauke shekara goma sha biyu da suka wuce bai bar baya ba. Yarinyar ta zauna da su shekara uku bayansa. Fumie ce da kanta ta ce mata ta tafi ta yi aure, kada ta tsufa tana wanke wa tsofaffi biyu kwanuka. Ta faɗi maganar fuska a ɗaure, don ta san in ta saki fuskar kuka za ta yi. Chizuru ta koma Sendai, ta yi aure, ta haihu biyu. Abin da ya rage tsakaninsu kati ɗaya ne a shekara, da layi biyu na tambayar lafiya. Ko rasuwar Shigeo Fumie ba ta gaya mata ba, wai kada a ɗora wa matar wani nauyi. Irin kunyar nan tamu ce, wadda muke kira ladabi alhali rabinta tsoro ne.

Fumie ta san yadda abin yake. Shekarar da aka tsallake ka, sunanka kan zame daga jerin mutane, ba da mugunta ba, kuma da wuya ya dawo. Wannan take tsoro, har abinci ya daina mata daɗi.

Duk safiyar Asabar tana koyar da Japananci a zauren unguwa, ga baƙin da ke walda a tashar ƙera jiragen ruwa ta Onomichi. Darasin wannan makon wani ginin jimla ne da ake jera abu biyu masu gaba da juna, daɗi da wuya, ruwa da rana, don a nuna duk wanda ya zo zuciya wuri ɗaya take komawa. Misalin littafi na kewar gida ne. Rodel, wani ƙaton mutumin Filifin da ba ya barin magana ta wuce shi, ya ce su kam sun ƙoshi da kewar gida, Malama ta ba su nata misalin.

Ta juya ga allo. Kafin ta ankara alli ya gama rubutawa: in abin daɗi ya same ni, in na baƙin ciki ne, Chizuru nake so in fara gaya wa.

Rodel ya tambayi wace ce Chizuru. Ta ce 'yarta ce, don ba ta samu wata kalmar ba.

"To Malama, kina gaya mata?"

Fumie ta ɗauki magogi ta share allon, ta ce a buɗe shafi na gaba.

Da ta koma gida ko jaka ba ta ajiye ba ta rubuta jimlar nan a gefen katin, da ƙananan baƙaƙe kamar mai sata. A hanyar akwatin wasiƙa ta tsaya shagon Tokuko mai awara, ƙawarta tun suna 'yan firamare, wadda idonta ba ya barin komai ya wuce. Tokuko ta goge hannu a gyale ta fizge katin.

"Ke da kika yi shekara arba'in kina ja wa mutane jan layi a rubutu, yau ke ce da ƙari a katin makoki? Uwar mijin Chizuru za ta gani, ta ce mutanen Onomichi ba su da tarbiyya."

"Ta faɗa mana."

"Ashe kina da baki," in ji Tokuko. "Da tun ranar da yarinyar nan ta hau jirgi kika yi shi, da kin hutar da ni ganin fuskar nan taki."

Ta kuwa raka ta har akwatin, ta tsaya a kanta sai da katin ya faɗa ciki.

Disamba ta wuce shiru. Ranar sabuwar shekara mai rabon wasiƙa ya hau matakalar unguwarsu da ke kan tudu da ƙunshinsa, ya wuce ƙofarta kamar yadda ya dace. Fumie ta yi ta cizon yatsa. Ta ce wa kanta ta ba yarinyar kunya a gidan mijinta, ta tsinke zaren da hannunta.

Ran uku ga wata da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Chizuru ce tsaye tana haki, don matakalar ba ta raga wa kowa. Ta yi ƙiba kaɗan, furfura ta fara mata a goshi. Suka yi ta sunkuya wa juna, kowa na jiran ɗaya ya fara. Ta shiga ta durƙusa gaban hotunan mamatan biyu, ta kunna turare, ta daɗe a wurin. Sannan ta juyo.

"Kati aka hana ni aikowa, Mama, ba a hana ni zuwa ba. Shekara tara ina zaton ba ki son ganina."

Fumie ta matso kusa da ita. Ta kama hannun Chizuru, ta ji shi da sanyi, ta yi ta murza shi tsakanin tafukanta tana mitar wane irin mutum ne zai taho daga Sendai babu safar hannu.

Chizuru ta share ido. Ta ce maigidanta da yaran suna can gindin matakala, ta ce musu su dakata ta nemi izini tukuna.

"Sun tambaye ni a jirgi me za su kira ki. Ban san abin da zan ce musu ba."

"Me ake kiran tsohuwa in ba Kaka ba?" in ji Fumie. "Cikin sanyin nan kika bar mini su a waje?"

Ta riga Chizuru fita, ta kama matakala tana dafe da bango, da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta.