Manhajar Lidiya da Sunan Ɗanjuma

Lidiya ta yi wata uku a bironta, wato ofishinta, na Zinder tana rubuta wa ƙungiyar manoman gyaɗa ta Gouna manhajar rabon iri. A taron farko ta bugi ƙirji ta ce aikinta zai tashi a kowace na'ura, kwamfuta ce ko salula.

Sai dai dandalin da take rubutu a cikinsa na kamfanin da ya ƙera kwamfutarta ne, bai san kowa ba sai 'yan gidansu. Duk gajeriyar hanyar da ya miƙo mata sai ta ƙi, don ta san nan kaɗai take aiki. Ta bi doguwa, ta gwada sau ba adadi a kan teburinta, komai lafiya lau.

Ranar rabo ta hau mota zuwa Gouna. Manoma sun cika rumfa, buhuna jibge a gefe. Magatakarda Yakuba ya buɗe manhajar a tsohuwar kwamfutar ƙungiya, ta kuwa tashi. Lidiya ta gyara zama.

Yakuba ya fara kira, sai ya tsaya yana ƙifta ido.

"Malama, wane ne Anjuma? Ga wata alamar tambaya a gabansa."

Ta leƙa. Duk harafi mai lanƙwasa ya zama alamar tambaya. Dandalin nata ya adana haruffan da salon gidansu, bai gaya mata ba, ita kuma ba ta tambaya ba.

Wani dattijo ya miƙe. "Ni ne Ɗanjuma. Shekara sittin ba wanda ya yi shakkar sunana sai injinki."

"Yi haƙuri, Baba, laifina ne," in ji ta.

Ranar da takarda da alƙalami aka yi rabo.

Mako biyu ta yi tana gyara. Ta aro salula biyar a majami'arsu, ta je asibiti ta gwada a kwamfutar yayarta Dibora. Ta koma Gouna, sunan Ɗanjuma ya fito da ƙugiyarsa tsaf a kowace na'ura. Dattijon ba ya karatun boko, amma ya sa aka nuna masa harafin, ya daɗe yana kallo, ya sa mata albarka.

Kwana uku bayan haka Yakuba ya kira ta.

"Malama, masu ba mu iri sun dawo da jerin. Sun ce sunayen ba su dace da katin ɗan ƙasa ba. A katin Baba, Dandjouma aka rubuta, irin na Faransanci."

Kafin Lidiya ta amsa, ya ƙara da cewa:

"Ki cire lanƙwasar nan duka, ki rubuta sunayen yadda suke a katin, kafin Laraba."

Ta cire, ta mayar da sunayen yadda suke a katin. Minti goma aikin ya ɗauke ta, an kuwa karɓi jerin ba ko tambaya.