Ba a Kashe Jibirilu Sau Biyu

Shekara ta zagayo da rasuwar Jibirilu, amma matarsa Memuna ba ta bar kowa ya taɓa babbar kwamfutar shagonsu na intanet a unguwar Nima ba. Shi ya ɗora wa kwamfutar manhajar Linux da hannunsa, ya jera komai yadda yake so. To, manhaja ba ta san takaba ba. Ta tsufa, shafuka suka daina buɗewa, masu zuwa cike takardu suka koma shagunan unguwar Maamobi. Shago kuwa shi ne abincin 'ya'yanta.

Dole ta kira ƙanenta Fu'ad, mai gyaran kwamfuta a unguwar Circle, sarkin cika baki. Bayan azahar ya zo yana cewa aikin shan shayi ne. Ya ba da umarnin sabunta manhajojin, kwamfuta ta ƙi. Wai wani ya riga shi, yana kan aikin.

Ya duba sunan wanda ke kan aikin. Jibirilu ne.

Ya share gumi, ya ce aikin ya fara ne ranar da mota ta kaɗe mamacin a unguwar Kawukudi. Memuna ta tuna masa an ɗauke wuta ya fi a ƙirga tun lokacin, ba aikin da zai ci gaba bayan kwamfuta ta mutu. Ya ce ya sani, shi ya sa jikinsa ya yi sanyi. Kujerar gaban kwamfutar, da ba kowa a kanta, ta yi ƙara kaɗan, irin ta mai gyara zama.

"Sista, sai dai mu kashe shi."

Aikin yake nufi, haka suke faɗa a sana'arsu. Amma kalmar ta soke ta.

"Ba a kashe Jibirilu sau biyu. Nuna min inda ya tsaya."

Fu'ad ya buɗe. Ashe tambaya ce kwamfutar ta yi wa Jibirilu, ya fita bai amsa ba: a riƙe tsohon tsari, ko a sa sabo? Alamar rubutu tana ta ƙiftawa, tana jira.

Tsoro ya kama ta, kewa ta fi tsoron. Ta gane ba shi ya ƙi tafiya ba, ita ce ta ƙi amsawa. Ta yi bisimilla, ta zaɓi sabo.

Rubutu ya yi ta gudu, sunan Jibirilu ya ɓace. Ƙamshin turarensa, da ta ɗauka na labule ne, ya bi shi.

Fu'ad ya ce komai ya buɗe yanzu. Memuna ta zauna a kujerar, ta ji ta da sauran ɗumi.